Tambaya da Amsa: Shin Ya Dace a Miƙa wa Baƙo Kowala Ya Rungume?

Wasiƙun wannan fitowar sun taru ne a kan dabba guda, wato kowala, 'yar dabbar nan ta ƙasar Ostireliya mai gashi ruwan toka da faffaɗan baƙin hanci da kunnuwa buzu-buzu. A daji ba a samunta sai a gabashi da kudancin ƙasar, amma hotonta a hannun 'yan yawon buɗe ido ya zaga duniya. Mun zaɓo bakwai daga cikin tambayoyin.

Tambaya: Assalamu alaikum. Na taɓa ganin hoton shugabannin duniya kowa rungume da kowala, amma ɗana da ke karatu a Sydney ya ce a can ba a yarda baƙo ya ɗauke ta ba. Wanne ne gaskiya? Daga wani magidanci.

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Da hoton da maganar ɗanka duk gaskiya ne, domin a Ostireliya kowace jiha da dokarta a kan namun dajin da ake nuna wa jama'a. Hoton da ka gani na taron G20 ne da aka yi a Brisbane a watan Nuwamban 2014, inda Barack Obama da Vladimir Putin da wasu suka riƙe ta. Brisbane tana jihar Queensland, inda doka ta ba da dama. Sydney kuwa tana New South Wales, wadda ta hana baƙi ɗaukar kowala tun 1997. A can sai dai mutum ya tsaya kusa da ita tana kan reshenta, wasu gidajen su bar shi ya shafa bayanta. Jihar Victoria ma ta hana. Inda aka yarda su ne Queensland da jihar Kudancin Ostireliya da ta Yammacin Ostireliya.

Ko a Queensland ɗin ma ba sakaka aka bar abin ba. Ƙa'ida ita ce kada a yi aiki da kowala ɗaya fiye da minti 30 a yini, kada ya wuce minti 180 a mako, kuma kada ta yi fiye da kwana uku a jere ba tare da ranar hutu ba. Sannan gidajen da kansu sun fara janye jiki. Lone Pine da ke Brisbane, wanda shi ne gidan kowala mafi daɗewa a duniya, ya daina ba baƙi ita daga ranar 1 ga Yulin 2024, ya koma kai su kusa da ita su yi kallo tare da mai kula. An buɗe gidan a 1927, shekarar da gwamnatin Queensland ta saki mafarauta na wata guda suka kashe kowala wajen 600,000 saboda fata. Gidan da ya shafe shekaru da dama yana cin abinci da wannan hoton ne ya ajiye shi, ba kuma doka ce ta tilasta masa ba.

Tambaya: Ni ban ga abin cutarwa ba. Dabbar da kullum barci take, kuma da an miƙa ta sai ta ƙanƙame mutum da kanta, ai alama ce tana so. Ina laifin rabin awa? Daga wata malamar makaranta.

Amsa: Malama, tambayarki ita ce gindin maganar, don haka za mu ɗan daɗe a kanta.

A fara da barcin. Kowala tana yin awa 18 zuwa 20 a yini tana barci ko tana kwance shiru, kuma ba lalaci ba ne. Abincinta ganyen itacen turare ne, wato yukaliftus, kusan shi kaɗai. Ganye ne mai tauri, mai ƙarancin amfani ga jiki, cike da mai da sinadarai masu guba da za su kwantar da yawancin dabbobi. Babba takan ci daga rabin kilo zuwa abin da ya kusa kilo ɗaya a yini. Hantarta tana aikin kashe dafin, sannan tana da wani reshen hanji mai toshewar ƙarshe, tsawonsa ya kai mita 2, inda ƙwayoyin bakteriya ke ruɓar da ganyen na tsawon kwanaki kafin a tatsi ɗan abin da ke ciki. Ƙarfin da take samu daga wannan wahala ɗan kaɗan ne, shi ya sa jikinta ke ƙona abinci a hankali, kusan rabin yadda wata dabba mai shayarwa mai girmanta ke yi. Kamar ma'aikaci ne da albashinsa ke kai shi ƙarshen wata da ƙyar: ƙaramin kashe kuɗin da bai shirya masa ba sai ya fito a wani wuri. Duk tashin da aka yi mata, duk bugun zuciyar da ya ƙaru, daga wannan ɗan ajiyar ake cira.

Ga kuma lokaci. Ita da dare da magariba da asuba take cin abinci da yawo. Gidan namun daji kuwa da rana yake buɗewa. Rabin awar baƙi tana faɗowa ne a tsakiyar lokacin hutunta.

Kada kuma a ɗauka rabin awar nan runguma ɗaya ce mai tsawo. Idan kowane baƙo ya ci minti ɗaya, mutum wajen talatin ke nan. Kowane ɗaya sai an ɓamɓare faratanta daga jikin mai kula, a ɗora ta a ƙirjin baƙo, a juya fuskarta wajen kyamara, a sake ɓamɓarewa. Sabon wari, sabon turare, sabuwar murya, wani hannunsa na rawa, wata ta yi ƙara da farce ya taɓa ta. Ɗora da saukewar nan sun fi zaman kansa wahala. Kowala kuwa ba dabbar garke ba ce. A daji kowace da bishiyoyinta, in ba uwa da ɗa ba ko lokacin barbara, ba sa jingina da juna.

Ƙanƙamewar da kika gani ba ƙauna ba ce. Dabbar da aka halitta don rayuwa a saman itace, duk abin da aka ɗora ta a kai sai ta riƙe, don sakin hannu faɗuwa ne. Hatta rungumar bishiya da take yi tana da dalili: masu bincike a Jami'ar Melbourne sun nuna a 2014 cewa in zafi ya tsananta takan sauko ta manna cikinta a kututture mai kauri, wanda ya fi iska sanyi da digiri da dama, ta sauke zafin jikinta a jikinsa. Zafin jikin ɗan Adam digiri 37 ne. A ranar zafi, mutumin da ya rungume ta ƙara mata yake yi, kuma ita ba ta yin gumi irin namu, sai haki.

Matsalar da ta fi ruɗar mutane ita ce kowala ba ta nuna damuwa yadda kare ko kyanwa ke yi. Fuskarta ba ta sauyawa, sai baƙo ya ɗauka daɗi take ji. Masu kula da suka san aikinsu suna duba wasu abubuwa dabam: kaɗa kunnuwa akai-akai, zare ido tana bin kowane motsi, mutsu-mutsu tana neman hawa kafaɗa, 'yar ƙara ko gurnani, shaƙuwa, haki, sakin fitsari. Bayan kwanaki kuma sai rage cin ganye, kashinta da ya saba fitowa ƙwaya-ƙwaya busasshe ya yi laushi ko ya ragu, nauyi ya sauka. Wani bincike da aka yi a cibiyar kowala ta tsibirin Phillip a Victoria, aka buga a 2014, ya gano cewa yawan mutanen da ke kusa da ƙarar surutunsu kaɗai suna sa ta katse hutu ta zauna a ɗar-ɗar, alhali ba wanda ya taɓa ta.

Adalci dai shi ne a faɗi ɗaya ɓangaren. Waɗanda ake miƙa wa baƙi haifaffun gida ne, sun saba da hannu tun suna ƙanana, kuma hali ya bambanta. Akwai wadda za a ɗora ta ci gaba da taunar ganyenta. Ba mu ce rabin awa tana kashe kowala ba. Abin da muke cewa shi ne, mafi kyawun sakamakon da za a samu shi ne ta jure. Ita ba ta ƙaru da komai ba, kuma duk abin da baƙo zai koya yana iya koyonsa daga taku biyu. A ganinmu gara gidajen su bar ɗaukar ga masu kula da likitoci, baƙo ya tsaya a gefen reshe.

Tambaya: Zan kai iyali birnin Gold Coast na Queensland hutu, kuma yara sun nace sai sun riƙe ta. In har za a yi, yaya ake yi daidai? Daga wani ɗan uwa mazaunin Brisbane.

Amsa: Ɗan uwa, abu na farko: baƙo ba ya ɗaukar kowala, ɗora masa ake yi. Za a ce ka tsaya cak kamar bishiya. Ka haɗa tafukanka biyu, ɗaya kan ɗaya, a daidai cibiya, su zama mazauni. Mai kula zai zaunar da gindinta a kan tafukan, ya ɗora hannuwanta a ƙirjinka ko kafaɗa. Nauyinta gaba ɗaya a ƙasa yake, a hannunka. Kada ka matse, kada ka jijjiga ta kamar jariri, kada ka yi tafiya da ita, kada ka kai fuskarka kusa da tata. In an yarda a shafa, a baya ne daga kafaɗa zuwa ƙugu, ban da kai da kunnuwa da ciki. Da aka gama, kada ka ture ta ko ka ja da baya. Tsaya har mai kula ya zare faratan ɗaya bayan ɗaya.

Kuskuren da ya fi muni shi ne kamo ta a hammata ko a zagaye haƙarƙarinta da hannu, yadda ake ɗaga yaro. Ƙirjinta ba ya ɗaukar matsi, kuma in ƙafafunta suka yi lilo babu abin takawa sai ta firgita ta kafa farce a duk abin da ta samu. Farcen kuwa ba na wasa ba ne. A kowane hannu tana da yatsu biyar, biyu suna fuskantar uku, kowanne da farce lanƙwasasshe da aka yi don huda ɓawon itace. Ko ba da faɗa ba yana ratsa riga mara kauri. Daga nan ne hatsarin faɗuwa ke zuwa: farce ya shiga fata, baƙo ya zabura ya saki hannu. Saboda haka a sa riga mai kauri mai rufe kafaɗa, a cire sarƙa da jakar rataye, a tattara mayafi ko gyale don kada farce ya sarƙe, a kuma rage turare.

Game da yara, gidajen suna da ma'aunin tsayi, wanda bai kai ba sai ya tsaya a gefe a ɗauki hoton da shi. Dalilin nauyi ne. Kowalar Queensland takan yi kilo 5 zuwa 8 in ta girma, kuma riƙe wannan a miƙe ba motsi ya fi ƙarfin ƙaramin yaro. Ta kudu ta fi haka nesa, namijin Victoria yakan kai kilo 12. In namiji ne babba, ka lura da wani tabo ruwan ƙasa mai maiƙo a tsakiyar ƙirjinsa: da shi yake goga warinsa a bishiya, kuma zai bar maka shi a riga.

Kafin ka biya, yi wa mai kula tambaya biyu: minti nawa wannan dabbar ta yi yau, kuma me suke yi in ta nuna ba ta so? Gidan kirki yana da littafin da ake rubuta lokacin kowace ɗaya, yana auna nauyinsu a kai a kai, ba ya fito da uwa mai ɗa a jakar cikinta (a nan kowala ke rainon ɗanta), kuma yana mayar da dabba nan take ko da layi ya yi tsawo. In ka ga ana zungurar ta don ta buɗe ido saboda hoto, ka karɓi kuɗinka.

Tambaya: An ce duk suna da ciwon sanyi. Mutum zai iya ɗauka? Daga wata mai jego.

Amsa: 'Yar uwa, ba duka ba, amma cutar kilamidiya ta yi musu katutu a daji, musamman a Queensland da New South Wales. Nau'in da ya fi damunsu dabam yake da wanda mutane ke ɗauka ta saduwa, kuma a tsakaninsu yake yawo, ta barbara ko daga uwa zuwa ɗa. Yana kumbura ido har ya makantar, yana kama mafitsara har gindin dabbar ya jiƙe ya yi datti ruwan ƙasa, yana kuma hana mata haihuwa. Maganinsa yana da wuya, domin antibayotik ɗin da zai kashe cutar yana iya kashe bakteriyar hanjin da ke narkar da ganye, sai dabbar ta warke daga ciwo ta mutu da yunwa. Waɗanda ke gidajen nuni ana gwada su. Abin da ya fi kusa da baƙo shi ne yaƙushi: a wanke da ruwa da sabulu, in ya yi zurfi ko ya kumbura a ga likita. A wanke hannu kafin a taɓa ta da bayan an taɓa.

Tambaya: Masu gidajen suna cewa da kuɗin hoton nan suke ciyar da dabbobin har su taimaka wa na daji. In an hana, ba an kashe gidan ba? Daga wani ɗan kasuwa.

Amsa: Malam, wannan ita ce hujja mafi ƙarfi da masu goyon baya ke da ita, kuma ba ƙarya ba ce. Kowala na cikin dabbobi mafi tsadar riƙo. A cikin ɗaruruwan nau'o'in itacen turare kaɗan take ci, kuma ko a cikin waɗannan ma tana shinshina ganye ta ƙi shi. Ba ta cin busasshe, ba ta cin abincin buhu. Dole gida ya mallaki gonakin itatuwa, ma'aikata su sari rassa kullum, a tsoma gindinsu a tulunan ruwa, a riƙa fesa musu ruwa don kada su yi yaushi, a kawo nau'i biyu ko uku don ta zaɓa. Yawancin abin da aka saro zubarwa ake yi, tunda tohon saman take bi. Ga likita, ga tsofaffin da haƙoransu suka cinye waɗanda sai an zaɓo musu mafi taushi.

Sai dai New South Wales ta amsa tambayar tun tuni. Fiye da shekara ashirin da biyar ba a ɗauka a can, kuma gidan namun daji na Taronga a Sydney da sauran gidajen jihar ba su rufe ba. Suna sayar da shiga cikin shinge, da hoto a gefen reshe, da zagaye tare da mai kula. Abin da baƙo ke biya shi ne kusanci, kuma ana iya sayar masa da shi dabbar tana zaune a gwafarta.

Wani abu kuma da ya kamata a faɗa, don kada muhawarar runguma ta rufe shi: ba gidajen nuni ne ke ƙarar da kowala ba. Saran daji don gidaje da gonaki da hanyoyi ne, da motoci, da karnuka, da cuta, da gobara. Bayan gobarar dajin 2019 zuwa 2020, wani kwamitin majalisar New South Wales ya yi gargaɗi a 2020 cewa in ba a tashi tsaye ba za ta iya ƙarewa a jihar kafin 2050. A Fabrairun 2022 gwamnatin tarayya ta sa kowalar Queensland da New South Wales da yankin Canberra, babban birnin ƙasar, cikin jerin masu fuskantar ƙarewa. A kudu kuwa labarin ya juya: a wasu wurare na Victoria da tsibirin Kangaroo sun taɓa yin yawa har suka cinye bishiyoyinsu, aka koma yi musu tsarin hana haihuwa. Gidan da ya ce kuɗinka na zuwa daji, tambaye shi ina: asibiti yake riƙe da shi, ko dashen itatuwa, ko bincike?

Tambaya: Ana sayar da ita a kiwata a gida? Daga wani matashi.

Amsa: A'a, samari. Doka ta hana a duk faɗin Ostireliya, kuma ba a fitar da ita waje sai zuwa gidajen namun daji da gwamnati ta amince da su. Masu jinyar marayu da masu rauni ma da lasisi suke yi, kuma da ta warke daji ake mayar da ita.

Tambaya: Ina tuƙin dare tsakanin garuruwa a New South Wales. In na tarar da ita a bakin titi fa? Kuma na ga bidiyon masu keke suna ba ta ruwa a gora. Daga wani direba.

Amsa: Malam direba, kowalar daji ba irin ta gidan nuni ba ce, tana cizo tana yaƙushi da gaske, don haka kada ka kai hannu tsirara. In tana tafiya lafiya tana neman tsallakawa, rage gudu ka kunna fitilar gargaɗi ka bar ta ta wuce. Daga watan Agusta zuwa Fabrairu sun fi yawo a ƙasa saboda barbara. In kuwa tana zaune a ƙasa ba ta gudu, ko mota ta buge ta, ko kare ya kama ta, ka kira ƙungiyar ceton namun daji ta yankin nan take ka faɗi daidai inda kake. Kafin su iso, ka kife ta da kwandon wanki ko kwali mai huji, ka ɗora abu mai ɗan nauyi a kai, ka lulluɓe da bargo ko tawul don ta samu duhu, ka kori karnuka da 'yan kallo. Wadda kare ya kama sai likita ya gan ta ko da ba a ga jini ba, domin gashinta mai kauri yana ɓoye hujin haƙori, ɓarnar kuma tana ciki. In ta hau bishiya kafin su zo, ɗaura ƙyalle a gindin bishiyar don a gane ta. Asibitin kowala na Port Macquarie, wanda ke aiki tun 1973, irin waɗannan yake karɓa.

In ka tarar da matacciya, duba ko mace ce. Ɗan kowala ana haifarsa bai fi santimita 2 ba, ya yi wata shida a jakar cikin uwa, kuma yakan rayu a ciki bayan uwar ta mutu. In yana maƙale da kan nono kada ka fizge shi, za ka yaga masa baki. A kai uwar da shi gaba ɗaya wurin masu ceto. In babba ne da ya fito, naɗe shi a tawul ya ji ɗumi, kada ka ba shi madarar shanu.

Ruwan gora kuwa, bidiyon yana da kyan gani amma hanyar tana kisa. Kowala lasar ruwa take yi da harshe, kanta a sunkuye, a daji ma takan lashi ruwan sama da ke gangarowa a jikin itace. In aka ɗaga mata kai aka tsiyaya, sai ta ƙware, ruwan ya bi ta huhu, bayan 'yan kwanaki ciwon huhu ya kama ta. Zuba ruwan a kwano mara zurfi, ko a hular kwano in ita ce a hannu, ka ajiye a ƙasa a gabanta, ka ja da baya ta sha da kanta. Wadda ta sauko da rana tsaka tana shan ruwa ba ƙaƙƙautawa, ita ma a kira masu ceto, domin yawan ƙishirwa a wurinta yakan zama alamar zafi ya yi mata illa ko ƙodarta ta taɓu.